Yaudara Ba Tare da Ƙarya Ba: Sirrin Tsofaffin Labaran Binciken Kisa na Ingila

A shekarar 1945 wani fitaccen mai sharhin adabi na Amurka, Edmund Wilson, ya buga maƙala a mujallar New Yorker yana tambayar wa ma ya damu da sanin wanda ya kashe Roger Ackroyd. Gatse yake yi wa masu karanta labaran binciken kisa. A ganinsa karatun nasu jaraba ce kawai, wadda ya ajiye tsakanin shan taba da wasan cike gurbin kalmomi na jarida. Yau shekara tamanin ke nan, littafin da ya yi wa ba'a, The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, bai taɓa barin kasuwa ba, kuma an fassara shi zuwa harsuna masu yawa. Ashe dai akwai waɗanda suka damu. Abin da ya rage a bincika shi ne me ya dame su.

Amsar da aka fi bayarwa ta tarihi ce. An ce waɗannan littattafai sun bunƙasa tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 700,000, kuma gidaje da yawa suna da wanda bai dawo ba. Mutanen da suka ga mutuwa barkatai, babu dalili babu mai laifi, sai suka samu sauƙi a labarin da gawa ɗaya ce, tana da dalili, kuma kafin shafin ƙarshe an kama wanda ya yi. Masaniya Alison Light, a littafinta na 1991, ta kira shi adabin masu murmurewa. Akwai gaskiya a nan. Sai dai wannan bayani ya tsaya ga Baturen Ingila na 1925. Bai faɗi abin da ya sa ɗalibi a Tokyo ko ma'aikaciyar banki a Mumbai, waɗanda ba su da haɗi da wancan yaƙi, suke kwana a kan littafin ba. Wannan maƙala tana ganin abin da ke riƙe mai karatu wata amana ce tsakaninsa da marubuci: za a ruɗe shi iya ruɗewa, amma ba za a yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya.

Amanar ba ta zo tare da Sherlock Holmes ba. Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887, kuma daga 1891 gajerun labaransa a mujallar Strand suka mamaye Ingila, amma mai karanta Holmes ɗan kallo ne. Holmes yakan dubi laka a takalmin baƙo ya faɗi unguwar da ya fito, alhali mai karatu ba a nuna masa lakar ba, balle ya san ƙasar Landan. Yana tafa wa gwani ne kawai. G. K. Chesterton, da Fada Brown ɗinsa na 1910, ya karkata abin daga gilashin dubawa zuwa sanin zuciyar mutum. Wannan ɗan guntun limamin coci ya san mugunta saboda shekarun da ya yi yana sauraron masu furta zunubansu, kuma hanyarsa ita ce ya sa kansa a matsayin mai laifin, tun da mugu shi ya san makwancin mugu. Sai E. C. Bentley ya zo a 1913 da Trent's Last Case, inda mai binciken ya tattara alamu, ya jera hujjoji masu kyau, ya kai ga sakamako, kuma sakamakon ya zama kuskure. Daga nan aka gane cewa mai bincike ma ana iya kayar da shi, kuma in ana iya kayar da shi, to mai karatu na iya shiga fili.

Shekarar 1920 ce ta buɗe filin sosai. A cikinta Freeman Wills Crofts, injiniyan jirgin ƙasa daga Ailan, ya fitar da The Cask, ya kuma kafa salon da ake rusa shaidar mai laifi da jadawalin jirage, minti bayan minti. A cikinta kuma littafin Christie na farko, The Mysterious Affair at Styles, ya fito. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti a garinsu, Torquay, lokacin yaƙi, kuma abin da ta koya a can shi ne ƙashin bayan labarin. Wata tsohuwa mai dukiya tana shan wani maganin ƙarin kuzari da likita ya rubuta mata, wanda ke ɗauke da ɗan sitirikinin kaɗan, gubar da a lokacin ake sakawa a irin waɗannan magunguna. Makashin bai ƙara guba ko ɗigo ba. Garin buromaid, maganin barcin da ita ma take da shi a gida, ya zuba a kwalbar, gubar ta kwanta a gindi, sai shan ƙarshe ya zo da ita gaba ɗaya a dare ɗaya. An nuna wa mai karatu akwatin garin buromaid da ya ƙare, an gaya masa tsohuwar ta shanye maganinta a daren, har zanen ɗakunan gidan an buga masa. Komai yana gabansa, bai dai haɗa ba. Mujallar masu haɗa magunguna ta Birtaniya ta yaba wa littafin saboda daidaiton iliminsa, kuma Christie ta ce wannan yabon ya fi faranta mata rai.

Kafin ƙarshen shekarun 1920 marubutan sun fara rubuta ƙa'idojin wasan. Ronald Knox, wanda shi ma limamin Katolika ne, ya jera goma a 1929. Dole a ambaci mai laifi tun farkon labari. Ba aljanu, ba tsafi. Ba gubar da kimiyya ba ta sani ba. Ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya, tagwaye kuma sai an riga an sanar da su. Duk alamar da mai bincike ya tsinta, a nuna wa mai karatu nan take. Har ya ce abokin mai bincike, irin su Dakta Watson na Holmes, ya kamata basirarsa ta gaza ta matsakaicin mai karatu da ɗan kaɗan, wato dai a bar wa mai karatu wanda zai raina. A 1930 aka kafa ƙungiyar Detection Club a Landan, Chesterton ne shugabanta na farko, kuma sabon ɗan ƙungiya yakan yi rantsuwa a kan ƙoƙon kan mutum cewa ba zai warware labarinsa da wahayi ko dacen sa'a ba. Rabin abin wasa ne, ana yi ana dariya a wajen liyafa. Amma ɗaya rabin da gaske ne, domin wani fanni na adabi ya amince a fili cewa mai karatu yana da haƙƙi a kansa.

Abin ya yi kama da kacici-kacici a dandali: wanda ya kasa yakan ba da gari da daɗin rai, in dai amsar da aka faɗa masa tana cikin tambayar tun farko. In kuwa ba ta ciki, rigima ce.

Littafin da ya gwada iyakar wannan amana shi ne na Roger Ackroyd, wanda ya fito a 1926, kuma wanda bai karanta ba ya sani cewa za a tona asirinsa a nan. Mai ba da labarin, Dakta Sheppard, likitan ƙauye ne mai natsuwa, maƙwabcin mai bincike Hercule Poirot, shi ke bin sa yana rubuta abin da ya faru. Shi ne kuma makashin. A daren kisan ya gaya wa mai karatu cewa an kawo wa Ackroyd wasiƙa da ƙarfe tara saura minti ashirin, shi kuma ya bar ɗakin da tara saura minti goma, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba ko akwai abin da bai yi ba. Duk gaskiya ne. A cikin minti goman da bai yi bayani ba ya soke mutumin da wuƙa, ya kuma saita na'urar ɗaukar murya don a ji muryar mamacin da tara da rabi, lokacin da shi likitan yana gida. Wasu masu sharhi sun ce an ci amanarsu. Marubuciya Dorothy L. Sayers ta kare Christie da cewa aikin mai karatu ne ya zargi kowa. Hujjarta ta fi ƙarfi, domin Sheppard bai faɗi ƙarya ko ɗaya ga mai karatu ba. Mai karatu ne ya yanke wa kansa cewa likita mai ladabi, wanda ke magana da shi kai tsaye, ba zai yi kisa ba.

A nan ne zancen cewa waɗannan littattafai na kwantar da hankali ne kawai yake rauni. W. H. Auden, a maƙalarsa ta 1948, ya ce daɗinsu shi ne a ga al'umma mai tsarki ta gurɓace, a fitar da mai laifi, tsarki ya dawo. Amma duba su wane ne masu laifin. A wajen Christie likita ne, alƙali ne, miji ne mai tattali, ɗan sanda ne, wani lokaci ma yaro. A Murder on the Orient Express na 1934 kusan duk fasinjojin taragon ne. Baran gida da baƙon da ya shigo gari jiya, waɗanda kowa ke fara nunawa da yatsa, kusan kullum su ake wankewa. Da ɗan gari akan ci gari. Miss Marple ta Christie, tsohuwar da ke saƙa a ƙauyen St Mary Mead tun littafin 1930, ba ta yarda da kowa ba, kuma kusan ko yaushe ita ke da gaskiya. Littafin da ke koya wa mutum cewa mai zuba masa shayi na iya zama ajalinsa saboda gado ko wasiyya, da wuya a kira shi maganin barci. Yaƙin ma bai ɓace ba. Lord Peter Wimsey na Sayers, wanda ya fara fitowa a 1923, tsohon hafsa ne da firgicin fagen daga ke tasar masa, kuma yakan taso ne daidai lokacin da bincikensa ya kusa kai wani ga igiya, don a Ingila ta wancan zamani hukuncin kisa rataya ce. Littafinsa na ƙarshe da Sayers ta kammala, na 1937, ya ƙare yana kuka a safiyar da aka rataye wanda ya kama.

Su kansu marubutan sun san inda wasan yake da rami. Anthony Berkeley, a The Poisoned Chocolates Case na 1929, ya sa mutum shida suka warware kisa ɗaya ta hanya shida, kowace da hujjarta, kowace ta rushe wadda ta gabace ta. Abin da ya nuna shi ne alama tana faɗin abin da marubuci ya ga dama ta faɗa.

Sukar da ta fi ciwo ta Raymond Chandler ce, a 1944. Ya ɗauki The Red House Mystery na A. A. Milne ya warware shi zare-zare, ya nuna cewa ɗan sandan gaske zai gano dabarar cikin yini guda, kuma mutanen da ke kisa a duniya ba sa yin sa da irin wannan ƙawa. Ya yi gaskiya, sai dai ya auna littafin da ma'aunin da ba nasa ba, don ba wanda ya buɗe Christie yana neman sanin yadda ake kisa a lungunan Landan. Sukar da ba ta da amsa ita ce ta wariya. Masu aiki a gida sukan fito a matsayin sakarkaru, Yahudawa da baƙi ana yi musu habaici, arzikin da ake kashe juna a kansa sau da yawa daga ƙasashen mulkin mallaka ya fito ba tare da an tambayi yadda aka tara shi ba. Littafin Christie da ya fi kowanne kasuwa, And Then There Were None na 1939, da farko ya fito da suna mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata, sai daga baya aka sauya. Mai karatu daga Afirka ba ya buƙatar a nuna masa waɗannan wurare. Zai ji su da kansa, kuma yana da damar ya ji haushi.

Kasuwa ma ta taimaka. Sabon littafi mai kauri sule bakwai da sisi ne, don haka yawancin mutane aro suke yi a ɗakunan karatu na haya irin na kantunan magani na Boots. Da kamfanin Penguin ya fara buga littattafai masu bangon takarda a 1935 a kan sisi, biyu daga cikin goman farko na binciken kisa ne, ɗaya na Christie ɗaya na Sayers, da koren bango.

Abin da ya fi tabbatar da cewa amanar ce jarin, ba gidajen gona na Ingila ba, shi ne yadda salon ya yi hijira ya bar kayansa a baya. A Japan marubuta sun riƙe ƙa'idar nuna wa mai karatu komai, suka ba ta sunan honkaku, kuma a 1987 Yukito Ayatsuji ya sake farfaɗo da ita da labarin wasu ɗalibai a tsibiri, wanda ya gina a kan tsarin littafin Christie na 1939. Babu bara, babu limamin coci, amma wasan bai canza ba. A Ingila kanta, ɗakin karatu na ƙasa ya shiga sake buga littattafan da aka manta, kuma a 2014 Mystery in White na J. Jefferson Farjeon, wanda ya fito tun 1937, ya shiga sahun waɗanda aka fi saya. Poirot kuwa, da Christie ta kashe shi a 1975, jaridar New York Times ta buga labarin rasuwarsa a shafin farko.

Wilson ya ɗauka cewa da zarar an san makashi, littafin ya zama fanko. A kan mafi yawan littattafan wancan zamani bai yi kuskure ba, don ɗaruruwansu sun mutu kuma ba wanda ya yi kewarsu. Amma kaɗan ɗin da suka rayu, karatu na biyu ne ke nuna gwanintarsu, lokacin da mutum ya san amsa yana bin jimla ɗaya bayan ɗaya yana neman inda aka yi masa ƙarya, bai samu ba. Wanda wannan maƙala ta tona wa asirin Dakta Sheppard bai yi asara ba: ya nemi littafin ya buɗe babi na huɗu, ya sa ido a kan agogo.