Alƙalami, Kambu da Tikiti: Yadda Hasashen Makomar Wasannin Broadway Ya Sha Cin Ƙarya

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A unguwar gidajen wasa ta Broadway da ke birnin New York na Amurka, an shafe shekaru da dama ana ɗaukar daren buɗe sabon wasa a matsayin Larabar nan. Idan aka kammala wasan farko, masu sharhi na jaridu za su rubuta abin da suka gani, washegari kuma kowa ya ɗauki sharhin ya fara lissafi: wannan wasa zai daɗe, wancan zai ci kyauta, wancan kuwa ko wata ɗaya ba zai kai ba. Tarihin wannan lissafi ya nuna cewa tambayoyi ne har uku ake cuɗawa wuri guda, kuma kowace da mai amsa ta.

Irin wasan da ake magana a kansa shi ne wasan kwaikwayo na dandamali wanda waƙa da rawa ke ɗauke da labarinsa. Wanda ya saba da finafinan Indiya ba zai yi mamakin ganin jarumi ya bar magana ya kama waƙa ba, sai dai a nan komai a gaban 'yan kallo ake yin sa, sau takwas a mako, tare da makaɗa da 'yan rawa da ma'aikatan bayan fage da kowa ke jiran albashinsa. Gidan wasa ba ya shiga sahun Broadway sai yana da kujeru 500 zuwa sama. Shirya sabon wasa yakan ci miliyoyin daloli, kuma masu harkar da kansu sukan ce a cikin wasanni biyar, kusan ɗaya ne ke mayar da kuɗin da aka zuba masa. Saboda haka hasashe a wurin nan magana ce ta abincin mutane.

A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, alƙalamin mai sharhi yana da kaifi na gaske. Al'adar lokacin ita ce bayan an tashi daga wasan farko, furodusa da 'yan wasa su hallara a gidan cin abinci na Sardi's, su zauna jiran bugun farko na jaridun safe. Idan sharhin ya yi daɗi a ci gaba da shagali, idan ya yi ɗaci kowa ya sulale gida. Dalilin wannan ƙarfi a fili yake. Yawancin masu kallo mazauna birnin ne da kewayensa, jarida suke karantawa, kuma ba su da wata hanyar sanin ko wasa ya cancanci kuɗinsu sai abin da aka rubuta.

Wani abu da furodusa David Merrick ya yi ya isa misalin yadda ake tsoron waɗannan mutane. A ƙarshen 1961 ya buɗe wasan Subways Are for Sleeping, masu sharhi ba su yi masa wani yabon kirki ba. Sai ya nemo mutum bakwai a birnin waɗanda sunayensu suka zo daidai da na manyan masu sharhin jaridu bakwai, ya gayyace su kallo, ya karɓi kalaman yabonsu, ya haɗa talla da sunayensu da hotunansu. Jaridar Herald Tribune ta buga tallar a bugu ɗaya kafin a farga. Merrick ya ce ya daɗe da dabarar a ransa, abin da ya tsayar da shi shi ne bai samu mai suna irin na Brooks Atkinson na jaridar New York Times ba, sai da ya jira mutumin ya yi ritaya a 1960. Surutun da abin ya jawo ya taimaki wasan ya yi kusan wata shida.

Cikin 'yan shekaru bayan haka jaridun birnin suka yi ta mutuwa, har zuwa 1967 manya uku kawai suka rage. Muryoyi suka ragu, nauyin ya taru a kan New York Times. Frank Rich, wanda ya riƙe kujerar babban mai sharhin wasanni a jaridar daga 1980 zuwa 1993, har laƙabin mahaucin Broadway aka yi masa. A zamaninsa ne wasan Merrily We Roll Along na Stephen Sondheim da darakta Harold Prince ya sha suka a 1981, aka rufe shi bayan wasa 16 kacal. A 1988 kuma wasan Carrie ya faɗi bayan wasa biyar, miliyoyin daloli suka bi ruwa. Duk wanda ya yi hasashe da jarida a hannu a waɗannan lokuta biyu, bai yi kuskure ba.

Amma a daidai wannan zamani wani abu ya faru a Landan da ya girgiza lissafin. A watan Oktoba na 1985 aka buɗe Les Misérables a gidan wasa na Barbican, wasan da aka gina a kan littafin marubucin Faransa Victor Hugo. Yawancin masu sharhi suka yi masa rubdugu, wasu na ganin an rage darajar babban littafi, wasu na ganin tsawonsa da baƙin cikinsa sun yi yawa. Furodusa Cameron Mackintosh ya sha ba da labarin yadda ya buga waya ofishin sayar da tikiti washegari, zuciyarsa a karye, sai aka shaida masa ana ta rububin saye. Kafin shekarar ta ƙare wasan ya koma babban gidan Palace, a 1987 ya haye zuwa Broadway ya ci kyautar Tony takwas, kuma a yau babu wasan waƙa da ya kai shi daɗewa a gidajen wasa na Landan. Abin da ya cece shi shi ne bakin 'yan kallo: wanda ya gani ya faɗa wa maƙwabcinsa.

Mackintosh da mawallafin kiɗa Andrew Lloyd Webber sun mayar da wannan darasi tsarin kasuwanci. Wasanni irin su Cats da The Phantom of the Opera sukan iso New York da sunansu ya riga ya yi tambari, faya-fayan waƙoƙinsu na hannun jama'a, an kuma sayar da tikitin watanni masu yawa tun kafin mai sharhi ya zauna a kujerarsa. Masu kallon su ma sun sauya. Baƙi masu yawon buɗe ido suka zama fiye da rabin masu cika kujerun Broadway, kuma baƙon da ya zo daga nesa da iyalinsa sunan da ya sani yake nema, ba ruwansa da abin da jarida ta ce wata shida da suka wuce. Phantom ya yi shekara 35 a Broadway, daga 1988 zuwa 2023.

Tambaya ta biyu ita ce ta kyauta. An fara ba da kyautar Tony a 1947, da sunan 'yar wasa kuma darakta Antoinette Perry, kambun gwarzon wasan waƙa kuma an fara shi a 1949 da Kiss Me, Kate. Masu jefa ƙuri'a 'yan ɗaruruwa ne, kuma akasarinsu 'yan cikin sana'ar ne: furodusoshi, daraktoci, 'yan wasa, masu tsara dandamali, da masu gidajen wasa na sauran biranen Amurka waɗanda ke karɓar wasannin idan sun fita rangadi. Ɗanɗanonsu yakan yi kusa da na masu sharhi, shi ya sa sharhi ya fi iya hango kyauta a kan hango ciniki. Idan yabon ya zama baki ɗaya, hasashen ba ya wahala. The Producers ya kwashe Tony 12 a 2001, Hamilton kuma ya shiga takara sau 16 a 2016 ya ci 11, kuma babu wanda ya yi mamaki.

Inda abin ke rikicewa shi ne kambu bai ba da tabbacin ciniki. A 1994 wasan Passion na Sondheim ya ci gwarzon wasan waƙa, amma wasa 280 kawai ya yi aka rufe shi a farkon 1995. Abokin takararsa, Beauty and the Beast na kamfanin Disney, wanda masu sharhi da yawa suka yi wa kallon kayan kasuwa, kyauta ɗaya tak ya samu, ta tufafi. Shi kuwa sai 2007 ya sauka, bayan wasa fiye da 5,000.

Shekara goma bayan haka aka maimaita irin wannan da ƙarin armashi. Wicked ya buɗe a watan Oktoba na 2003 a gidan Gershwin, an kashe masa dala miliyan 14, ra'ayin masu sharhi ya rabu, na New York Times kuma bai yi masa da daɗi ba. Avenue Q, ƙaramin wasa na 'yan tsana da barkwancin manya, ya sha yabo, masu shi kuma suka yi kamfe irin na 'yan siyasa don neman ƙuri'a. A daren Tony na 2004 Avenue Q ne ya ɗauki babban kambun, Wicked ya tashi da kyauta uku, ciki har da ta jarumarsa Idina Menzel. Ba a jima ba aka sanar cewa Avenue Q ya ƙulla yarjejeniyar zama a Las Vegas maimakon fita rangadi nan take, abin da ya ɓata ran masu gidajen wasa na wasu birane da suka sa rai da shi. Avenue Q ya yi nasara daidai gwargwado, ya bar Broadway a 2009 ya koma ƙaramin gida. Wicked kuwa ya haura shekara ashirin yana cika gida, ya shiga sahun wasannin da suka fi kowane tara kuɗi a tarihin unguwar. Mai sharhi ya hango kyautar daidai, cinikin ne ya kuɓuce masa.

Tambaya ta uku ita ce wadda babu jaridar safe da za ta iya amsawa: wane wasa ne zai rayu bayan masu shi? West Side Story, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan ayyukan fannin, ya sha kaye a hannun The Music Man a Tony na 1958. Chicago ya buɗe a 1975, ya yi karo da A Chorus Line, wanda ya kwashe kyauta tara a 1976 ya bar shi hannu rabbana duk da shiga takara sau 11. Labarin Chicago na mata masu kisa da lauya ke mayar da su taurari ya yi wa mutanen lokacin ɗaci. Da aka dawo da shi a 1996, bayan Amurkawa sun gama kallon shari'ar O. J. Simpson a talabijin, sai labarin ya zama kamar don su aka rubuta shi. Wannan dawowar ta zarce A Chorus Line a yawan wasanni, ta zama wasan waƙa na Amurka da ya fi daɗewa a Broadway. Shi ma Merrily We Roll Along, wanda ya mutu cikin mako biyu a 1981, ya dawo a 2023 da Jonathan Groff da Daniel Radcliffe da Lindsay Mendez, ya cika gida, ya ci kambun wasan da aka fi iya farfaɗowa da shi a 2024. Sondheim bai ga ranar ba, domin ya rasu a 2021.

Wannan ba ya nufin sharhi ya zama aikin banza. Ƙaramin wasa marar fitaccen tauraro, wanda labarinsa baƙo ne ga jama'a, har yau yana buƙatar yabon jarida da kambun Tony kafin mutane su san da zamansa, kuma rashin su kan kashe shi cikin makonni. Shi ya sa wasanni da yawa ke rige-rigen buɗewa a Maris da Afrilu, gab da rufe ƙofar takara, don su kasance a ran masu ƙuri'a zuwa bikin watan Yuni. Babban wasa mai sananniyar alama kuwa suka ba ta cika kashe shi ba, sai dai nauyin kuɗinsa ya danne shi, kamar yadda ya faru da Spider-Man: Turn Off the Dark, wanda ya ci kusan dala miliyan 75, ya ja jama'a na tsawon shekara uku, ya rufe a farkon 2014 da asara mai yawa.

Don haka mai son yin hasashe a kan sabon wasa sai ya fara sanin wace Juma'ar yake nufi. Idan ta kyauta ce, ya karanta sharhi, ya duba da wa aka haɗa wasan takara a shekarar. Idan ta ciniki ce, ya tambayi nawa aka sayar tun kafin buɗewa, nawa wasan ke ci a mako, me kuma mutane ke faɗa wa juna a bakin ƙofa bayan an tashi. Ta ukun kuwa, Chicago sai da ya jira shekara 21 kafin ya ji amsarta, Merrily ya jira fiye da 40.