Kalmar "bairn": Turancin ƙauye ko Turancin asali?

1/ Jiya ina kallon wani fim na mutanen Newcastle sai na ji wata tsohuwa tana ce wa jikanta "bairn". Na ɗauka bakinta ne ya karye. Da na bincika, ashe ni ne ban sani ba. Ku matso ku ji. 🧵

2/ "Bairn" na nufin yaro ko jariri, mace ko namiji. Ana amfani da ita a arewacin Ingila da yawancin Sikotilan. A Landan kuwa, in ka faɗe ta, nan take za a gane daga arewa kake, wani ma ya ɗan yi maka murmushin raini.

3/ To amma kalmar nan ta girmi Turancin BBC nesa ba kusa ba. A tsohon Turanci, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, "bearn" ake cewa, kuma har a kudu ana faɗinta. Tana cikin Beowulf, tsohuwar waƙar jarumtar da suke ji da ita.

4/ Tushenta aikatau ne, "beran", wato ɗauka ko haifa. Daga nan "bear" da "born" suka fito. Kenan "bairn" shi ne wanda aka ɗauki cikinsa aka haifa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, mu ma ai ciki ɗaukarsa ake yi.

5/ Me ya sa ta mutu a kudu ta rayu a arewa? Masana da yawa suna ganin da hannun 'yan Viking, mayaƙan ruwa daga ƙasashen Denmak da Norwe. A 793 suka kai hari tsibirin Lindisfarne, a 866 suka ci birnin York.

6/ Ba ganima kawai suka kwasa suka tafi ba. Sun zauna, sun yi noma, sun yi auratayya. Su kuma a harshensu yaro "barn" ne. Uwa na cewa "bearn", uba na cewa "barn", ina kalma za ta je? Har gobe "barn" ake cewa a Suwidin da Denmak da Norwe.

7/ A kudu kuwa "child" ce ta yi rinjaye. Fada tana Landan, kotuna suna can, kuma can Caxton ya kafa injin buga littafi a 1476. Bakin masu mulki da masu ɗab'i shi ya zama "daidai". Ko Shakespeare da ya sa kalmar a wasansa The Winter's Tale, a bakin makiyayi ya sa ta.

8/ Wanda ya taimaka aka adana irin waɗannan kalmomi shi ne Joseph Wright. An haife shi a 1855 kusa da Bradford. Yana ɗan shekara 6 yake korar jaki a wurin fasa dutse, bai iya karatu ba sai wajen shekara 15. Ya ƙare farfesa a Oxford.

9/ Tsakanin 1898 da 1905 ya fitar da ƙamusun karin harsunan Turanci, juzu'i 6. Maganar da ake ce wa ta jahilai, ya nuna tana da tarihi. Yau ƙungiyar ƙwallon Falkirk laƙabinta ma "The Bairns", kuma da alfahari suke faɗa.

10/ Abin da ya tsaya min a rai: mu ma haka muke yi. Basakkwace ya ce "zamna" ko "sabro", ajinmu ya fashe da dariya. Alhali su ne tsofaffin siffofin, bakin Kano ne ya mai da su "zauna" da "sauro". Ni ma na taɓa yin dariyar, Allah Ya yafe min.

11/ Wace kalma ce ta garinku kuka daina faɗa saboda kunya? Ku ajiye ta a ƙasa, da ma'anarta.