Tarihin Ƙaiƙayin Ido Da Maganin Ɗigawa

Takardu da dama sun zo mana daga Ƙofa da Bebeji da Kiru, har Tudun Wada da Doguwa, kuma kusan tambayar ɗaya ce: me ke kawo ƙaiƙayin ido da atishawa da yoyon hanci da zarar an shiga kaka da hunturu, kuma wane maganin ɗigawa ya dace? Mun amsa a rediyo a gurguje, to ga cikon bayani.

Ciwon nan ba na yau ba ne. Sama da shekara dubu da suka wuce, Abubakar Al-Razi, babban likitan nan ɗan ƙasar Farisa da ya yi aiki a Bagadaza, ya yi rubutu a kan murar da ke kama mutum duk lokacin da furen wardi ya buɗe. A 1873 wani likitan Ingila, Charles Blackley, wanda shi kansa yake fama da ita, ya gwada garin fure a idonsa da hancinsa, ya tabbatar shi ne mai laifin. Jikin wasu mutane ne ke ɗaukar garin fure ko ƙura tamkar abokin gaba, sai ya saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo ja da hawaye da susa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu suna sussukar dawa a wuri guda, ɗaya ko a jikinsa, ɗayan kuwa ido ya yi jawur. Ga ƙurar casar shinkafa a Tudun Wada, ga ta masara a Doguwa, ga hazo a kai.

Kada ku haɗa shi da Afolo. Shi wannan a 1969 ya ɓulla a Gana, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata da kumbon Apollo, daga nan ya samo sunan. Ƙwayar cuta ke kawo shi, ya bi gida kaf, bayan mako ɗaya ko biyu ya wuce. Namu kuwa ba a ɗaukarsa daga wani, amma duk shekara sai ya dawo. A jikin yara, musamman maza, har farin idon kan koma ruwan ƙasa.

A da, abin da iyayenmu suka sani shi ne kwalli da haƙuri. Aikin ido na zamani ya kafu a Kano a 1943, lokacin da mishan na SIM suka buɗe asibitin ido ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh, wanda yau ake kira asibitin ido na ECWA. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kafa cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna.

Shi kuwa maganin, a 1937 aka fara gano mai daƙile histamin a birnin Faris. A 1965 Dokta Roger Altounyan, wani mai fama da asma a Ingila, ya gano amfanin cromoglycate ta hanyar gwada shi a jikinsa, kuma tushen binciken wani tsiro ne da Misirawa suka daɗe suna magani da shi. Ana ɗiga shi sau huɗu a rana, sai ya yi kwanaki kafin a ji aikinsa, don haka gara a fara tun kafin a shiga sussuka. Olopatadine ya samu izini a Amurka a 1996, shi ya fi saurin kwantar da susa.

Akwai kuma wanda nake so ku buɗe kunne a kansa. Tun wajen 1950 aka fara sa dangin kotizon a ido, irin su dexamethasone da betamethasone. Kwana biyu ido ya yi fari tas, shi ya sa 'yan kemis da masu tallar magani ranar kasuwa ke saurin miƙa shi. Ba a daɗe ba likitoci suka lura cewa wanda ya ɗauki watanni yana ɗigawa, ruwan cikin idonsa kan yi ƙarfi har ya kashe jijiyar gani, wato hawan jinin ido, ko kuma ya kawo yana. Ita yana ana cire ta da aiki, amma ganin da jijiya ta tafi da shi ba ya dawowa. A ganina bai kamata a sayar wa kowa da shi ba sai da takardar likita, balle a ɗiga wa yaro.

Chloramphenicol na ƙwayar cuta ne, ba ruwansa da ƙaiƙayi. Ruwan batir da fitsari da ruwan sukari kuwa, don Allah a bari, sun makantar da mutane.

Idan an tashi daga masussuka a wanke fuska da ruwa mai tsabta mai sanyi, a daure a bar susa, a rufe hanci da ƙyalle wajen sheƙa. A wanke hannu kafin ɗigawa, kada bakin kwalba ya taɓa ido, kuma kwalbar da ta yi mako huɗu da buɗewa a yar da ita. In ido ya fara zafi sosai, ko gani ya ragu, ko yaro ya kasa kallon haske, ranar nan a nufi asibiti, kada a jira a gama girbi.