Yadda Shehu Ya Raɗa wa 'Yarsa Suna

Ran nan wani yaro daga cikin ajina ya zo da sassafe neman izini, ya ce an yi musu haihuwa, an sami mace, jibi suna. Na yi masa barka, na tambaye shi ko an tsai da sunan da za a sa. Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Malam, ai maganar ke nan da ta hana gidanmu barci." Ashe jaririyar tana da yayye mata biyu, Zainabu da Ruƙayya. Baffansu ya ba da shawara a sa mata Sumayya, don ya tafi daidai da Ruƙayya a baki. Kakarsu kuwa ta kafe, ta ce in dai ba Ummu Kulsum ba ne, kada wanda ya kawo mata goron suna. Yaro ya ce shi bai ga ta inda Ummu Kulsum ya yi kama da Zainabu ko Ruƙayya ba. Na ce masa ya tafi, in ya komo ma yi magana. To, tun da ya ke kusan kowane ɗayanku yana da ƙanwa, ko kuwa zai samu, na ga ya kamata amsar ta zama tamu duka.

Ku fara lura da wannan. Tun zamanin kakanninmu, Bahaushe ba ya sa wa yarinya suna kamar ita kaɗai ta faɗo daga sama. Ban da sunan yanka, wanda a ke raɗawa ran kwana 7 bayan an yanka rago, akwai sunan da mata ke sawa a cikin gida, shi kuwa sau da yawa matsayinta ya ke nunawa cikin 'yan'uwanta. In ka ji an ce Kande ko Delu, ka san maza ta biyo. In ka ji Gambo, ka san a bayan tagwaye aka haife ta. Auta ita ce ta rufe ƙofa. Ayashe kuwa, yayyenta ba su zauna ba, sai aka nuna kamar ba a kula da ita ba, ko ita ta tsaya. Watau baƙo yana iya zama a zaure, ya ji uwa tana kiran 'ya'yanta, ya karanta labarin gidan tun ba a gaya masa kome ba.

Sunan yanka shi ma yana da nasa tsari, amma ba a baki ya ke ba, a cikin tarihi ya ke. 'Ya'yan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mata huɗu ne: Zainabu, da Ruƙayya, da Ummu Kulsum, da Faɗimatu. Kun ga abin da tsohuwar nan ta hango ke nan. Ita ba amon suna ta ke saurare ba, jerin gidan ta ke so ya cika. Wannan hali kuma ba a nan ya fara ba, gama Faɗimatu ita kanta da ta haifi mata biyu, sunayen yayyenta aka mayar musu, Zainabu da Ummu Kulsum. 'Ya'yanta maza, Hasan da Husaini, ba tagwaye ba ne. An haifi ɗaya a shekara ta 3 bayan Hijira, ɗaya a ta 4. Amma saboda ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya, sai mutanen ƙasarmu suka mai da sunayen nan na tagwaye. In maza ne, Hasan da Husaini. In mata ne, Hasana da Husaina. In kuwa namiji da mace ne, a ba kowa nasa rabin. Duk cikin al'adun suna babu wadda ta kai wannan ƙarfi, har ba a kan tsaya shawara a kanta ba.

To, a shekarar 1793 aka haifi tagwaye a Degel, cikin ƙasar Gobir, namiji da mace. Ubansu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarsu Maimuna. A lokacin nan Shehu bai zama shugaban ƙasa ba. Malami ne mai shekara wajen 39, yana karantarwa, yana yawon wa'azi, almajirai suna taruwa gare shi daga ko'ina. Namijin aka sa masa Hasan, kamar yadda kowa ya zata. Da an tambayi ƙaramin yaro a Degel sunan macen, da ya ce Husaina. Amma Shehu ya saɓa al'ada, ya sa mata Asma'u.

Wace ce Asma'un da aka ba ta sunanta? 'Yar Sayyadina Abubakar ce, yayar Nana A'ishatu. A shekarar 622, sa'ad da Annabi ya fita Makka zai yi hijira, shi da Abubakar suka ɓuya kwana 3 a kogon dutsen Sauru. Asma'u ita ta shirya musu guzuri. Da ta rasa abin da za ta ɗaure bakin jaka da salka, sai ta kwance ɗamararta, ta raba ta biyu, ta ɗaure da ita. Saboda haka aka yi mata laƙabi da Mai Ɗamara Biyu. Da masu nema suka zo ƙofar gida suna tambayarta inda ubanta ya ke, har Abu Jahil ya mare ta, ba ta faɗa ba. Daga baya ita ma ta yi hijira da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu, wanda shi ne ɗa na farko da aka haifa wa masu hijira a Madina. Ta yi tsawon rai ƙwarai, ta rasu a shekarar 692.

Wani zai ce, to, ashe Shehu ya ware 'yarsa daga 'yan'uwanta ke nan. Ko kusa. Ku dubi sunayen sauran 'ya'yansa mata waɗanda suka shahara da ilmi: Hadiza, da Faɗimatu, da Hafsatu, da Safiya, da Maryamu. In kunne kaɗai za a bi, babu biyu da suka yi kama. Amma ku bi su ɗaya ɗaya. Hadiza matar Annabi ce ta fari, Faɗimatu 'yarta. Hafsatu 'yar Sayyadina Umaru ce, kamar yadda Asma'u ta ke 'yar Abubakar. Safiya sunan wata matar Annabi ne, kuma sunan gwaggonsa ne, wadda ta haifi Zubairu mijin Asma'u. Shi Zubairu kuma, ubansa da Nana Hadiza uba ɗaya suka fito. Watau masu sunayen nan na asali dangi ne da surukai, sun ci abinci a kwano ɗaya. Shehu bai cire 'yarsa daga jeri ba. Daga ƙaramin jeri na tagwaye ya ɗauke ta, ya sa ta cikin babban jeri na matan gidan Annabi, inda 'yan'uwanta mata su ke. Maryamu kuwa, wadda aka ba sunan uwar Annabi Isa, ƙanenta da aka haifa bayan rasuwar Shehu a 1817 Isa aka sa masa, shi ne Isa Autan Shehu.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Bari mu ga ko ya ja mai shi. A watan Fabrairu na 1804, da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, suka tashi daga Degel suka yi hijira zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara wajen 11. Yarinyar da aka sa wa sunan mai guzurin hijira, ga ta yau ita ma tana cikin ayarin hijira. Ta ga yaƙi, ta ga yunwa da tashi daga wannan sansani zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin wanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya wanzu na rubutunta ya wuce 50, an tara shi cikin littafi guda a 1997.

Babban aikinta shi ne karantar da matan ƙauye. Ta ga yaƙi ya bar mata da yawa ba ilmi, kuma matar aure ba ta iya barin gida ta zo birni karatu. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta jawo tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ta tsara na addini da ladabi, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. Su a ke kira 'yan taru. Ta farko ta kai wa masu hijira abinci, ta biyu ta kai wa matan karkara ilmi.

Akwai kuma abin da ya nuna ita kanta ta san nauyin suna. Cikin waƙoƙinta akwai wadda ta jera sunayen mata masu albarka, tun daga matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har zuwa matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani ido da ido. Kowace ta faɗi halinta. Matar ƙauye da ta haddace waƙar nan, in ta haifi mace ba ta rasa sunan sawa, kuma ta san labarin da za ta ba yarinyar in ta yi wayo. Da Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta a Sakkwato kusa da ubanta, ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ɗauki aikin 'yan taru ta ci gaba da shi. Kun ga sunayen da suka dace a tarihi, masu su ma sun dace a aiki.

Kada wani ya ɗauka cewa suna shi kaɗai ya yi wannan duka. Akwai Asma'u dubu waɗanda ba a san su ba, akwai kuma Husaina ta kirki a kowace unguwa. Abin da ya sa linzamin ya ja, a nawa gani, shi ne ta tashi a gidan da a ke karanta labarin takwararta, a ke kuma zaunar da 'ya'ya mata gaban allo kamar maza. Sunan da aka ba yarinya ba a gaya mata labarinsa ba, kamar akwati ne aka ba ta aka riƙe mabuɗi.

Yaron nan ya komo bayan suna, da ɗan ƙunshin naman suna a aljihu. Ya ce tsohuwa ta yi rinjaye, an sa Ummu Kulsum, har ta fara cewa saura Faɗimatu. Na ba shi labarin da na ba ku. Sa'an nan na ce masa kada ya raina shawarar baffansa, gama Sumayya ma suna ne babba: ita ce uwar Ammaru ɗan Yasiru, wadda ta fara yin shahada a Makka. Da baffa ya kawo wannan hujja, da shi da tsohuwa sun yi kunnen doki. Inda ya kasa shi ne, ya tsaya ga daɗin baki kaɗai. Daɗin baki ba laifi ba ne, uwa ce za ta yi ta kira safe da yamma. Amma yarinya za ta girma, a kai ta gidan miji a wani gari, inda ba mai jin sunanta tare da na yayyenta. Ran nan amon ya ƙare, labarin ne zai bi ta.

Saboda haka, 'yan makaranta, ga aikin da na ba ku. In kun je gida hutu, ku zauna wurin kakanninku, ku tambaye su sunan kowace 'yar'uwarku: na yanka ne ko na gida, sunan wa aka mayar, mene ne kuma labarin mai shi. Ku rubuta a littafi tun tsofaffin suna da rai. Wata rana ku ne liman zai juyo ya tambaya, "Wane suna za a raɗa?" Allah ya sa a ran nan ku amsa da sani, ya kuma raya abin da aka haifa. Amin.