Idan sandar golf ta tsage: abin da garanti ya ƙunsa da abin da doka ta tanada

A watan Agustan 2024, ana tsakiyar zagayen ƙarshe na gasar BMW a jihar Kolorado ta Amurka, ɗan wasan golf ɗin nan na Ingila, Matt Fitzpatrick, ya lura da tsaga a fuskar sandarsa ta dogon bugu. Ya nemi izinin sauya ta, alƙalan wasa suka duba suka ce tsagar ba ta kai lalacewar da dokar gasar ta amince a sauya sanda dominta ba. Haka ya ƙarasa wasan yana ƙorafi. Daga farkon 2025 aka gyara wannan ƙa'ida, tsagar da ido ke gani ta zama hujja.

Wancan rikici na dokar fili ne, amma tambayar da ke cikinsa ita ce dai ke gaban duk wanda ya sayi irin wannan sanda da kuɗinsa ta lalace a hannunsa: wa ke da hurumin cewa wannan aibi ne daga masana'anta, wancan kuma laifin mai bugu? A takardar garanti, amsar kusan kullum ita ce kamfanin da ya ƙera. Shi ne wanda ake ƙara, shi ne kuma alƙali.

Sandar da aka ƙera a bakin karyewa

Ɗan wasan golf na iya ɗaukar sanduna har 14 a jakarsa. Mafi girman kai a cikinsu, wadda ke aika ƙwallo mafi nisa, ita ce wadda 'yan wasa ke kira direba, kuma ba ta da wata alaƙa da matuƙin mota. Da ita ake buɗe wasa a dogayen ramuka. Ita ce kuma yawanci mafi tsada: a 2024 sabuwa daga manyan kamfanoni na kaiwa kimanin dala 600 a Amurka, kuɗin da a canjin wancan lokaci ya haura albashin shekara guda na ma'aikacin Najeriya mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata.

Sassanta uku ne: kai, ƙota, da mariƙi na roba. Kan kuwa rami ne a ciki, kamar ƙwarya da aka rufe. Fuskarsa, wato gefen da ke dukan ƙwallo, an fi yin ta da ƙarfen taitaniyom, kaurinta a wasu wurare bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Saman kan a yawancin sababbin sanduna na zaren kabon ne da aka manna da gam. A 2022 kamfanin TaylorMade ya fito da samfurin Stealth wanda fuskar kanta ma ta kabon ce, shimfiɗa 60 a kan juna.

Siranta fuskar da gangan ake yi. Idan ta daki ƙwallo sai ta ɗan lotsa ta dawo, kamar fatar ganga, wannan dawowar ce ke ƙara wa ƙwallo gudu. Ƙwararren ɗan wasa na kaɗa sandar da saurin da ya kai kilomita 180 a sa'a, haɗuwar fuska da ƙwallo ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma ƙarfin dukan a ƙololuwarsa yana haura nauyin tan guda. A maimaita wannan sau dubbai a kan faifan ƙarfe mai kaurin tsabar kuɗi. Ƙarfe na gajiya.

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin wasan: USGA ta Amurka da R&A mai mazauni a garin St Andrews na Sikotilan. Su suka ƙayyade girman kan a santimita kubik 460, suka kuma sa iyaka ga yadda fuska za ta yi tsalle. Tun 2004 ana auna wannan da wata na'ura mai lilo da ke lissafa tsawon lokacin da ƙaramin ƙarfe ke manne da fuskar: kashi 239 cikin miliyan na daƙiƙa, da rangwamen 18, jimilla 257. Kowane kamfani yana son sandarsa ta tsaya daf da wannan iyaka, domin nisa ake saya. Sakamakon haka, sandar da ta fito daidai da doka tana iya tsallake iyakar bayan dogon amfani, saboda fuskar na ƙara laushi kafin ta tsage. Sandar Xander Schauffele ta faɗi gwajin a gasar Open ta 2019. A gasar PGA ta 2025 haka ta faru da Rory McIlroy da kuma Scottie Scheffler, wanda ya ɗauko wata ya lashe kofin da ita.

Ga waɗannan taurari, motar kamfani na fake a bakin fili da sababbin kawuna. Mai saye na gari sai ya koma neman rasit.

Aibi ko tsufa

Lalacewar da aka fi kai ƙara a kanta ba ta da yawa. Akwai tsagar fuska, wadda wani lokaci ba ta fi silin gashi ba, kuma sau da yawa kunne ke fara gane ta kafin ido, domin ƙarar bugun na sauyawa ta zama bushasshiya. Akwai baje fuska: an ƙera ta da ɗan tudu a tsakiya, idan aka ɗora gefen kati a kanta ya kwanta sumul ba tare da yin lilo ba, to tudun ya mutu. Akwai ɓanɓarewar saman kabon ko na fuska inda gam ya saki. Akwai kuma kaɗawar wani abu a cikin kan, wanda galibi guntun gam ne da ya ɓalle, abin da ke da sauƙin gyara.

Inda gardama ta fi zafi shi ne karyewar ƙota a kusa da wuyan sanda. Kamfanoni kan ce hakan na faruwa ne idan mai bugu yana yawan dukan ƙwallo da dunduniyar kan, ko ya jingina nauyinsa a kan sandar, ko jakar ta faɗi daga keken fili. Mai sanda kuma ya rantse bai yi ko ɗaya ba. Babu shaida sai karyayyar ƙotar, ita kuma tana teburin ma'aikacin kamfani. Haka lamarin yake da lotsewa a saman kai: idan akwai zanen ƙwallo a wurin, an gama magana, za a ce bugu ne ya kauce.

Ba kowane ƙin amincewa ne zalunci ba. Sanda mai shekara biyar da aka yi ta dukan ƙwallaye masu yashi da ita ta ci zamaninta. Matsalar ita ce babu layi bayyananne tsakanin gajiyar ƙarfe da aka saba da ita da kuma gajiyar da ta zo da wuri saboda an siranta fuska fiye da kima ko walda ba ta kama ba, kuma bayanan da za su raba gardamar, wato sanduna nawa na wannan samfuri aka dawo da su, suna hannun ɓangare ɗaya.

An taɓa samun kamfani ya amsa laifi a fili. A watan Maris na 2007 Nike ta sanar cewa wasu daga cikin sandunanta na Sumo2, masu kai mai kusurwa huɗu, sun wuce iyakar tsallen fuska saboda saɓani a wajen ƙira, ta kuma buɗe shirin musanya wa masu su. Abin lura shi ne wannan aibi ba ya cutar da mai bugu, ƙara masa nisa ma yake yi. Tsoron hukumar wasa ne ya sa aka yi hanzari. Nike ɗin ta daina ƙera sandunan golf a 2016.

Abin da takardar ke cewa

Garantin manyan kamfanoni yawanci shekara ɗaya ne zuwa biyu daga ranar saye. Callaway da TaylorMade, waɗanda dukkansu ke da hedikwata a garin Carlsbad na Kalifoniya, suna ba da shekara biyu. Alƙawarin ya shafi aibin kayan haɗi da na aikin ƙira kaɗai. Sharuɗɗan da ke biye da shi su ne ainihin labarin: a saya daga dilan da kamfani ya amince da shi, a nuna shaidar saye, kada a sauya wa sandar fasali, kuma zaɓi tsakanin gyara da musanya na kamfani ne. Idan samfurin ya ƙare a kasuwa, sai a ba da makamancinsa, wanda a wasu lokuta yakan zama sabon fitowa. Irin wannan sa'a ce ke sa wasu ke yabon kamfanoni da karamci, kuma lalle ana samun waɗanda aka musanya wa bayan wa'adi ya wuce. Sai dai alfarma ce, wanda aka hana ba shi da inda zai kai kuka a kanta.

Wanda sandarsa ta tsage, abu na farko shi ne ya daina bugu da ita, domin kowane ƙarin duka na faɗaɗa tsagar yana kuma ba kamfani hujja. Kada ya kai ta wajen mai walda, kada ya sa gam. Ya ɗauki hotunan wurin da na lambar shaida da aka zana a jikinta, ya haɗa da rasit, ya koma shagon da ya saya, domin yawancin kamfanoni sun fi karɓar ƙorafi ta hannun dilolinsu. Duk amsar da aka ba shi ya nemi a rubuce, musamman dalilin ƙi. Idan an ba shi sabuwa, ya tambaya ko wa'adin garantin ya fara daga farko ne ko ragowar na tsohuwar ne ke tafiya.

Kafin a duba tsaga ma, kamfani kan fara tabbatar da cewa sandar tasa ce. Ƙungiyar yaƙi da jabu da masu ƙera kayan golf na Amurka suka kafa a 2004 ta ƙiyasta ana yin sandunan jabu kusan miliyan biyu a shekara. Mutane da dama a teburin garanti suke fara jin cewa arahar da suka samu a intanet ba ta asali ba ce.

Doka ta fi takarda

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne garanti ƙari ne a kan haƙƙin da doka ta riga ta ba su, kuma ƙarewarsa ba ta goge wancan haƙƙi.

A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta tilasta wa kamfani ya bayyana ko garantinsa cikakke ne ko taƙaitacce, ya rubuta shi da harshen da za a fahimta. Ta kuma hana a gindaya sharaɗin sai an yi amfani da kayan gyara na kamfanin kafin garanti ya yi aiki, in dai ba kyauta yake ba da su ba. Wannan na da muhimmanci a golf, inda sauya ƙota ko mariƙi abu ne na yau da kullum. Kamfani na iya ƙin biyan ɓarnar da sauyin ya jawo, amma sabon mariƙi ba dalili ba ne na ƙin duba tsagaggiyar fuska.

Birtaniya ta fi tsauri. A ƙarƙashin dokar haƙƙin masu saye ta 2015, mai shago ne ke da alhaki, ba sai an bi masana'anta zuwa wata nahiya ba. Cikin kwana 30 na farko mai saye na iya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif. Cikin wata shida na farko, idan ya nemi gyara ko musanya, doka na ɗauka cewa da aibin aka sayar, sai dai mai shago ya tabbatar da akasin haka. Wannan juya nauyin hujja shi ne ainihin maganin matsalar alƙali mai shari'ar kansa. Bayan wata shida nauyin na komawa kan mai saye, amma ƙofar kotu a buɗe take har shekara shida a Ingila da Wales, biyar a Sikotilan. A Tarayyar Turai mafi ƙarancin kariya shekara biyu ce, kuma tun 2022 nauyin hujja na kan mai sayarwa na aƙalla shekara guda.

Najeriya ma tana da filayen golf, irin su na Rayfield a Jos, na Kano, na Kaduna da na IBB a Abuja, tana kuma da doka. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya marar inganci cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, a musanya ko a mayar masa da kuɗi. Tanadin bai bambanta sandar golf da wayar hannu ko janareta ba, kuma rubutun da ake gani a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kayan da aka saya ba ya soke shi.

Gibin yana wani wuri. Dokar na kama wanda ya sayar ko ya shigo da kaya domin kasuwar Najeriya. Sandar da aka sayo a Landan ko Dubai aka zo da ita a akwati, ko wadda aka saya gwanjo daga hannun wani ɗan wasa, ba ta da dilan da za a riƙe a gida, kuma garantin kamfanoni sau da yawa yana ɗaure ne da mai saye na farko da yankin da aka yi cinikin. Mai irin wannan sanda zai aika ta ƙetare da kuɗinsa, ya jira makonni, sannan idan an amince, sabuwar ta biyo ta hannun kwastam.