Fijo a Kakuri da Tarihin Musayar Tsohuwar Mota

A shekarar 1975, a ƙarshen mulkin Janar Yakubu Gowon, aka fara harhaɗa mota a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, an kafa shi ne tun 1972 bisa haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa. Unguwar ba baƙuwar masana'antu ba ce. Masaƙar Kaduna Textiles ta soma aiki tun 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya, ga masana'antar makamai ta DICON, ga tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction. Amma Fijo, wato Peugeot, ita ce ta kai sunan Kakuri kowane lungu na Nijeriya, har ma da maƙwabta.

A shekarun farko tashoshin ruwan Legas a cushe suke, jiragen dakon siminti na yin watanni suna jiran layi. Don haka aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, daga nan manyan motoci su gangaro da su Kaduna. Aka fara da 404, sannan 504 ta zo ta mamaye hanya. Zuwa farkon shekarun 1980 motocin da ke fita daga ƙofar kamfanin a shekara guda sun kai dubun-dubata, kuma dubban iyalai a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da albashin wannan wuri suke ɗora tukunya.

Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne wa ke sayen waɗannan motoci, kuma da wane kuɗi. Ƙarin albashin da aka fi sani da Udoji ya shiga aljihun ma'aikata daidai lokacin da kamfanin ke buɗewa. Gwamnatin soja ta Obasanjo, bayan kisan Janar Murtala a 1976, ta mai da 504 motar ofis ta manyan jami'ai, don a rage almubazzaranci. Sama da duka kuwa akwai rancen mota. Ma'aikacin da ya kai wani mataki yana iya cike takarda, a ba shi rance, ya ɗauko mota sabuwa dal, a riƙa zare kuɗin daga albashinsa wata-wata. Idan ya gama biya, motar ta sha shekaru, sai ya sayar da ita ya sake neman wata. Tsohuwar ta koma hannun ƙaramin ma'aikaci, daga nan ta shiga tasha tana jigilar fasinja zuwa Zariya ko Kafanchan, daga bisani a tarar da ita a ƙauye tana ɗaukar buhunan masara ranar kasuwa. Motocin gwamnati da suka tsufa kuma a yi gwanjonsu, direbobi da masinjoji su samu rabo. Wannan ita ce musayar da Kaduna ta sani. Babu wanda ya biya mutum lada don ya kai motarsa a murƙushe, domin ba a buƙatar haka: sabuwa tana kusa da hannun mai albashi, tsohuwa kuma tana da masu jiranta.

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 ce ta fara girgiza wannan tsari, sannan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Babangida ya ƙarasa shi a 1986. Naira da a 1980 ta fi dala daraja, zuwa 1987 sai an haɗa wajen huɗu kafin a samu dala ɗaya. Kamfanin da mafi yawan sassan motarsa daga waje suke zuwa ba shi da wata dabara sai ƙara farashi, albashi kuwa yana nan inda yake. Rancen da a da yake sayen mota ya koma ba ya kai ko rabinta. A wannan giɓi motocin hannu da ake kira Beljiyam suka shigo, ta Legas da ta Kwatano, kuma tun daga lokacin ma'anar sabuwar mota ta sauya a bakin jama'a: wadda ta sauka daga jirgin ruwa, ko da ta yi shekara goma a titunan Turai.

Bayan 'yan shekaru, a can gidan Peugeot ɗin, wato Faransa, ciniki ya ja baya shi ma, amma gwamnati ta ɗauki wata hanya dabam. A 1994 gwamnatin Firaminista Balladur ta yi shelar ba da faran 5,000 ga duk wanda ya miƙa motar da ta haura shekara 10 a farfasa, ya sayi sabuwa. Gwamnatin Juppé ta sake yin irinsa a 1995. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008, sai dabarar ta yaɗu. A 2009 Jamus ta ware yuro biliyan 5, tana ba da yuro 2,500 kan motar da ta kai shekara 9, aka karɓi motoci kusan miliyan 2. Ingila ta ba da fam 2,000, rabi daga gwamnati rabi daga masu ƙera mota. Amurka ta kashe dala biliyan 3 cikin 'yan makonni, tana biyan dala 3,500 zuwa 4,500 kan kowace mota, kuma sharaɗin shi ne a ɗura wa injin tsohuwar wani sinadari a tayar da shi har ya ƙone, yadda ba mai sake amfani da shi. Kusan motoci 700,000 aka yi wa haka. Duk bakaniken da ya taɓa kwana yana neman injin ɗaya mai lafiya ya san irin dukiyar da aka lalata a nan.

An yi ta ambaton tsabtar iska da rage hayaƙi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ainihin abin da ya sa gwamnatocin nan suka buɗe baitulmali shi ne tsoron kada masana'antunsu su rufe, ma'aikata su zauna a gida. Masana tattalin arziki da dama sun soki shirin daga baya, suna cewa yawancin masu cin gajiyar dama can za su sayi motar, an dai gaggauta musu ne, shi ya sa ciniki ke faɗuwa da zarar tallafin ya ƙare. Duk da haka layin harhaɗawa bai tsaya ba a watannin da suka fi tsanani, kuma abin da suke nema ke nan. Irin wannan ɗauki ne Kakuri ba ta taɓa samu ba.

Shirin Turai ya taɓo mu ta wata fuskar. A Jamus ƙungiyar 'yan sandan binciken laifuka ta yi ƙiyasin cewa motocin da aka karɓi tallafi a kansu amma aka karkatar da su zuwa Afirka da gabashin Turai za su iya kaiwa 50,000. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Irinsu na nan jere a filayen dillalai a bakin titin Kachia da hanyar Abuja.

Matakan da Nijeriya ta ɗauka kusan duka a bakin iyaka suka tsaya. Gwamnatin farar hula ta Obasanjo ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, daga baya aka yi ta sassautawa har aka kai shekara 15. A 2003 aka mai da haƙƙoƙin ma'aikata kuɗi a hannu, gwamnati ta janye daga sayen motocin ofis da yawa, PAN ta rasa babban mai sayenta. Tsarin masana'antar mota na 2013 ya ɗora harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 kan motar da aka shigo da ita a haɗe, a 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zabge ƙarin harajin zuwa kashi 5. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dawo da abin da ya ɓace a 1986, wato hanyar da mai albashi zai bi ya mallaki sabuwar mota. Kamfanin PAN kuwa ya yi ta sauya hannu. An daina harhaɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta bar yin irinta ta hawa. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin ga ASD Motors, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi, a 2020 kamfanin Nesbitt ya saye shi. Masaƙun da ke maƙwabtaka da shi sun riga sun yi shiru.

Yau idan mutumin Barnawa ko Sabon Tasha yana son sauya mota, wurin dillali yake zuwa. A duba inji da giya da jiki, a yi wa tasa kuɗi, ya yi ciko ya ɗauki wata Beljiyam ɗin, dillali ya ci la'adarsa. Idan motar ta zama akwala, ta gagari bakanike da fanel-bita, sai ta haye gada zuwa kasuwar Panteka. A can a kwance ta: inji gefe, ƙofofi gefe, fitilu da gilasai kowane da mai nemansa. Gangar jikin 'yan gwangwan su saye ta a kan sikeli, ta tafi kamfanonin narka ƙarfe ta dawo a matsayin rodin gini. Da wuya ka ga abin da ya tafi a banza. Wannan tsari ya ciyar da dubban matasa ba tare da sisin gwamnati ba, kuma duk wanda zai kawo shirin farfasa tsofaffin motoci Kaduna ya tsallake mutanen nan, ya gina shi a kan yashi.

Amma tsarin yana da tsadar da ba a rubutawa a rasit. Motar da ta shekara 25 tana jigilar mutane da tayoyin hannu da birkin da aka yi wa dabara, jama'ar cikinta ne ke biya idan ta ƙwace a hanyar Kachia. Hayaƙinta kuma yaran da ke talla a mahaɗar titi ne ke shaƙa.

Misalin da ya fi kusa da halinmu daga Masar yake. Dokar hanya ta 2008 ta hana sabunta lasin tasin da ya haura shekara 20, kuma da yawa daga cikin tsofaffin tasin Alƙahira Fijo 504 ne, irin tamu. Daga 2009 direba ya miƙa tsohuwar, a biya shi kuɗinta, a yafe masa haraji, banki ya ba shi rance mai sauƙi, ya ɗauki farar tasi da aka harhaɗa a cikin ƙasar. Dubun-dubatar motoci aka sauya ta haka. Ba a fara da masu motar hawa ba, an fara da masu neman abinci da mota, waɗanda kuɗin shigarsu na kullum zai iya biyan bashin.

A ganina nan ne kaɗai ƙofar take a Kaduna. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, sabuwar mota kuwa ana maganar miliyoyi masu yawa, ruwan da bankuna ke ɗorawa ya haura kashi 20 cikin 100, kuma mutane da dama ba za su kusanci bashi mai ruwa ba ko nawa ne, sai dai ciniki irin na murabaha da bankin Jaiz da takwarorinsa ke yi. Wurin harhaɗawar kam akwai shi: ban da Kakuri, kamfanin Dangote Peugeot ya fara fitar da motoci a 2022 daga sabuwar masana'antarsa a kan hanyar Abuja, kudu da birnin. Direbobin tasha kuma suna da ƙungiya, suna da rajista, an san wa ke lodi a wane layi da abin da yake samu a rana, wanda shi ne abu na farko da mai ba da lamuni yake tambaya.