Fadamar Kende: daga fari zuwa ambaliya, abin da muka manta

Jama'a, duk lokacin da aka yi maganar sauyin yanayi sai na tuna yadda kakanninmu na Kende da Illo da Lolo suke noma. Mutum ɗaya yana da shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, ga 'yan awaki, in ruwa ya janye kuma ya ɗauki koma ya shiga su. In fadama ta nutse tudu ya ciyar da gida, in tudu ya ƙone fadama ta rufa asiri. Shinkafarsu ma ta gargajiya ce, wadda ke ƙara tsawo in ruwa na hawa. Ba ta da yawan amfani, gaskiya ne, amma ba ta saurin mutuwa.

Farin 1973 da na 1984 ne suka karkato da hankalin mutane ga noman rani. Da shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo a farkon shekarun 1990, aka samu rijiyar burtsatse da injin ban ruwa, rani ya zama damina ta biyu.

Sai Nuwamban 2015, Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A Agustan 2019 kuma aka rufe boda, shinkafar da ke shigowa ta Benin ta ragu, tamu ta yi tsada. Wa zai tsaya wa gero? Kowa ya zuba jarinsa a fadama, wasu har da kuɗin tumakin matansu (ni ma ban tsira ba). Da ambaliyar 2020 ta zo, ta tarar da mutane da gona ɗaya, iri ɗaya, ga bashi a wuya.

Ba cewa nake a koma noman da ba. Tun 2017 akwai FARO 66 da FARO 67, irin da ke jure kwanaki a ƙarƙashin ruwa, amma manoma nawa ne a Bagudo suka taɓa riƙe shi a hannu? Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma, injin ban ruwa na cinye ribar rani, mai amfani da hasken rana ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai dai a yi karo-karo. Ni dai bana na raba: rabi fadama, rabi dawa da wake a tudu.